Santi biyar a kusurwar bango: yadda ake gane tsofaffin mujallun komik masu bango na daban

A watan Afrilun 1977, makonni kaɗan kafin fim ɗin Star Wars ya shiga sinimomin Amurka ranar 25 ga Mayu, kamfanin Marvel ya fitar da lamba ta 1 ta mujallar labarin zane mai ɗauke da labarin fim ɗin. Roy Thomas ne ya rubuta, Howard Chaykin ya zana. Farashinta santi 30. Sai dai a wasu garuruwa ƙalilan, yaran da suka je saye sun tarar an buga santi 35 a kusurwar bangon. Labarin ɗaya ne, zanen ɗaya, takardar ɗaya, injin da ya buga su ma ɗaya. A yau kwafin santi 30 abu ne da mai matsakaicin ƙarfi zai iya mallaka, shi kuwa na santi 35, idan yana da tsabta sosai, ya sha haura dala 20,000 a gwanjo.

Wannan tazarar ita ce ta haifar da wani reshe na musamman a cikin sana'ar tara tsofaffin mujallun komik, wato farautar kwafin da bangonsa ya ɗan saɓa wa na sauran 'yan'uwansa. Mai kallo daga nesa zai ɗauka wasan masu kuɗi ne kawai, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ɗan akwatin farashin nan da ke saman bango yana ɗauke da tarihin hauhawar farashi, da faɗuwar darajar kuɗin ƙasashe, da yadda kamfani ke gwada haƙurin mai saye kafin ya ƙara masa kuɗi. Haka kuma a nan ne aka fi damfarar wanda bai san abin da yake dubawa ba.

Me ake nufi da bango na daban

Kalma ɗaya ake amfani da ita a kasuwa, amma abubuwa biyu ne masu nisa da juna. Na farko shi ne bambancin da ya faru saboda wata buƙatar kasuwanci, ba tare da kamfani ya yi tunanin wani zai adana ba: gwajin farashi, ko kwafin da za a kai wata ƙasa, ko wanda za a sayar ta wata hanya dabam. Ba a yi masa talla ba, yawanci ma ba a sanar da kowa ba. Na biyu shi ne bangon da aka zana daban da gangan domin a sa mutum ɗaya ya sayi mujalla ɗaya sau biyu ko sau biyar. Wannan ya fara ne daga 1986.

Ƙarancin na farko na gaske ne, domin yara ne suka saya, suka karanta, suka naɗe a aljihu, iyayensu mata suka share da shara. Ƙarancin na biyu kamfani ne ya tsara shi a ofis. Duk wanda ya riƙe wannan bambancin ya riga ya fahimci rabin kasuwar.

Akwai abu na uku da ake yawan cuɗanyawa da su alhali ba ya cikinsu: sake bugu. Idan mujalla ta ƙare a kasuwa aka koma injin aka sake bugawa, ko wani kamfani a wata ƙasa ya sayi izini ya buga nasa, wannan ba bugu na farko ba ne, ko da bangon ya yi kama. Mai bincike Jon McClure, wanda rubuce-rubucensa tun daga ƙarshen shekarun 1990 suka fito da wannan fanni fili, ya kasa su kashi-kashi a wani dogon bayani da ya fito cikin kundin farashi na Overstreet a 2010. Ma'auninsa shi ne: an buga su lokaci ɗaya da kwafin yau da kullum, kuma cikinsu iri ɗaya ne? Idan amsar e ce, to bugu na farko ne mai bango na daban.

Farashin da ya ƙi tsayawa

Daga shekarun 1930 har zuwa farkon shekarun 1960, farashin mujallar komik a Amurka bai motsa daga santi 10 ba. Abin da ya motsa shi ne yawan shafuka. Mujallar da ta fara da shafi 64 ta riƙa ramewa har ta dawo 32, dabarar da duk mai sayen burodi ko sabulu a yau ya san ta: kuɗin na nan yadda yake, kayan ne ke ƙanƙancewa. Da abin ya ƙi, sai aka koma santi 12 wajen 1962. Kamfanin Dell, wanda a lokacin ya fi kowa ciniki da labaran Disney, ya yi tsalle zuwa santi 15 tun 1961, masu saye suka guje shi. Sauran kamfanoni sun ɗauki darasi daga nan.

Daga nan ƙarin ya riƙa zuwa a kai a kai: santi 15 a 1969, santi 20 a farkon shekarun 1970, santi 25 a 1974. Wannan ya zo daidai da takunkumin man fetur da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a 1973, da hauhawar farashin da ta kai kusan kashi 11 cikin ɗari a Amurka a 1974. Takarda ta yi tsada, sufuri ya yi tsada, kuma masu shagunan unguwa sun fara ganin ribar da ke cikin mujallar santi 25 ba ta kai darajar wurin da take tarewa ba.

Saboda haka kafin Marvel ya sake ƙara kuɗi, sai ya yi gwaji a ɓoye. A kan mujallun da ke ɗauke da kwanan watan Afrilu zuwa Agustan 1976, an buga wani ɗan kaso da farashin santi 30 maimakon 25, aka tura wasu zaɓaɓɓun garuruwa domin a ga ko ciniki zai faɗi. Bai faɗi yadda za a ji tsoro ba, don haka daga watan Satumba kowa ya koma biyan santi 30. Bayan shekara guda aka maimaita: daga Yuni zuwa Oktoban 1977 an gwada santi 35, a watan Nuwamba ya zama farashin kowa. Kowane zagaye ya shafi fitowa fiye da 180.

Yadda aka yi aikin mai sauƙi ne. Bango ana buga shi da faranti huɗu, kowace kala da nata, kuma farashin yana kan farantin baƙi. Sai a tsayar da injin, a sauya wannan farantin kaɗai, a ci gaba. Yawancin komik na wancan zamani a maɗaba'ar World Color Press da ke garin Sparta a jihar Illinois ake buga su, don haka kwafin gwaji da na yau da kullum daga ɗaki ɗaya suka fito.

Abin da ke ɗaga darajar ɗaya a kan ɗaya shi ne haɗuwar ƙaranci da muhimmancin labarin da ke ciki. Iron Fist lamba 14, ta Agustan 1977, ita ce fitowar farko ta mugun nan Sabretooth, kuma ta faɗo cikin watannin gwajin santi 35. Eternals lamba 1 ta Jack Kirby da X-Men lamba 98 zuwa 100 suna da kwafin santi 30. A gefe guda kuma, waɗanda suka fi wuyar samu sau da yawa su ne mujallun da ba wanda ya damu da su a lokacin, irin na kaboyi da na yaƙi da na ban tsoro, domin masu tarawa ba su adana su ba. Mai neman cika jerin duka yakan sha wahala a kan waɗannan fiye da kan Spider-Man.

Star Wars da fuskokinta

Star Wars lamba 1 ita ce misalin da ya fi dacewa a koyi dubawa da shi, saboda a kanta aka fi yin kuskure. Fim ɗin ya yi kasuwar da ba a zata ba, Marvel ya yi ta sake buga mujallar har jimillar ta haura kwafi miliyan ɗaya. Jim Shooter, wanda ya zama babban editan kamfanin a 1978, ya sha faɗin cewa cinikin Star Wars ne ya ceto Marvel a waɗannan shekaru. Matsalar ita ce da yawa daga cikin waɗanda aka sake bugawa su ma santi 35 ne a jikinsu.

Kwafin gwaji na gaskiya yana da farashin santi 35 cikin akwati mai kusurwa huɗu daidai, da watan Yuli a rubuce, sannan a ƙasa ta hagu akwai bakod, wato zanen layukan nan da na'urar kanti ke karantawa. Babu kalmar da ke nuna sake bugu a bango, babu ita a ciki. Wanda aka sake bugawa kuwa ko dai an rubuta hakan a kusurwar sama ta hagu, ko a ƙananan rubutun shaida da ke gindin shafin farko, ko kuma farashin yana cikin siffar lu'ulu'u, wato murabba'in da aka tsayar a kan kusurwarsa, akwatin bakod kuma fari fat babu komai. Irin wannan ba ya da wata daraja ta musamman. Mutane da dama sun tsinci ɗaya a akwatin mahaifinsu, suka ga 35, suka kwana suna lissafin gida da mota.

Waɗannan ƙananan rubutun shaida su ne abin da ya kamata a fara karantawa a kowace tsohuwar mujalla. A nan ake rubuta cikakken sunanta, lambarta, wata da shekara, sunan mawallafi da adireshinsa. Bango yana iya yaudara, amma mai jabu ba kasafai yake wahalar da kansa a kan rubutun da sai an matso da ido ake gani ba. A lura kuma cewa watan da ke bango yakan riga ranar fitowa da wata biyu zuwa uku, domin alama ce ga mai jarida ta lokacin da zai sauke mujallar daga tebur. Shi ya sa mujallar Afrilu take ɗauke da Yuli.

Nai, sule da dalar Kanada

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta daɗe tana taƙaita shigo da kayan Amurka saboda ƙarancin dala, sai a 1959 aka sassauta. Daga 1960 Marvel ya fara buga wani kaso na mujallunsa da farashin kuɗin Ingila, kamfanin Thorpe & Porter yana rarrabawa. A maimakon santi 10 ko 12, sai a ga 9d a bango. Dattawanmu ba sa buƙatar fassara: kwabo tara ke nan, abin da suke kira nai, a tsarin fam da sule da kwabo da Najeriya ma ta yi amfani da shi har zuwa zuwan naira ranar 1 ga Janairun 1973. Daga baya farashin ya koma kwabo goma, sannan sule guda, kafin Ingila ta sauya tsarin kuɗinta a Fabrairun 1971.

Amazing Fantasy lamba 15, ta Agustan 1962, inda Spider-Man ya fara bayyana, tana da kwafin nai. An buga shi a Amurka, lokaci ɗaya da na santi 12, aka loda a jirgin ruwa. Duk da haka shekara da shekaru 'yan kasuwar Amurka suna yi masa kallon ɗan kishiya, suna sayar da shi a ƙasa da farashin ɗan'uwansa, alhali ya fi shi ƙaranci nesa ba kusa ba. Wannan raini ya fara raguwa, ko da yake bai gushe ba. A ganina babu wata hujja a bayansa face cewa masu kuɗin kasuwar Amurkawa ne, kuma abin da suka saya suna yara shi suke nema.

A nan akwai tarko biyu. Mujallun DC na shekarun 1960 da suka je Ingila yawanci hatimin tawada aka buga musu da farashin kan bangon santi, don haka wannan kwafin Amurka ne da aka yi wa tambari, ba bango na daban ba. Sannan daga 1972 Marvel ya buɗe reshe a Ingila da ke sake buga tsofaffin labarai mako-mako, akasari baƙi da fari. Waɗannan mujallu ne masu zaman kansu.

Labarin Kanada kuwa labarin canjin kuɗi ne tsantsa. Shekaru da dama farashi ɗaya ake bugawa ga ƙasashen biyu. Da dalar Kanada ta yi rauni a gaban ta Amurka, sai kamfanonin suka ga suna asara, don haka daga Oktoban 1982 suka fara buga kwafi na musamman mai farashi mafi tsada ga teburan jaridun Kanada: santi 75 a inda Ba'amurke ke biyan 60. Marvel ya ci gaba da haka har 1986, DC ya ɗan zarce. Amazing Spider-Man lamba 252, wadda Spider-Man ya fara sanya baƙin kaya a cikinta a 1984, tana da kwafin santi 75. Secret Wars lamba 8 tana da na dala ɗaya. Tunda yawan mutanen Kanada bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na Amurka ba, kuma teburin jarida kaɗai aka kai su, ana iya hasashen ƙarancinsu ba tare da dogon lissafi ba. Alamar ita ce farashi guda ɗaya tak a bango, wanda ya fi na Amurka na wannan watan, tare da bakod.

Teburin mai jarida da shagon komik

Wani bambancin ya samo asali ne daga hanyar rarrabawa. A tsohon tsari, mai jarida yana karɓar mujallu, abin da bai sayar ba ya yage bangon ya mayar a biya shi. Asarar tana kan mawallafi. A farkon shekarun 1970 wani malamin makaranta a New York, Phil Seuling, ya kawo wata shawara: a ba shagunan da suka ƙware a komik ragi mai yawa, su kuma su yarda ba za su mayar da ko ɗaya ba. Tsarin ya karɓu, amma ya buɗe ƙofar maguɗi, domin mai shago zai iya sayen kaya da ragi ya zagaya ya mayar ta hannun mai jarida. Don toshe wannan ne daga 1979 Marvel ya bambanta bangon: kwafin teburin jarida yana da bakod, na shago kuma an ja layi a kan bakod ɗin, daga baya aka sa kan Spider-Man a gurbin.

A farkon shekarun 1980 kwafin teburin jarida ne ya fi yawa. Zuwa shekarun 1990 lamarin ya juye, kuma ya ci gaba da juyewa har Marvel ya daina kai kaya teburin jarida a 2013, DC a 2017. Saboda haka kalmar “na teburin jarida” ba ta nufin ƙaranci sai an haɗa ta da shekara. Na 1980 gama-gari ne. Na 2005 mai tsabta abu ne mai wuya, domin an buga kaɗan, kuma waɗanda suka saya masu karatu ne, ba masu sakawa a leda ba.

Akwai kuma kwafin Whitman, na kamfanin Western Publishing, wanda tsakanin 1978 da 1980 ya riƙa sayar da mujallun DC uku-uku a leda a manyan kantuna, da tambarinsa a gurbin na DC. Sai wani da bangonsa bai nuna komai ba amma ana lissafa shi a wannan sahu: kwafin da aka sayar a sansanonin sojan Amurka daga farkon shekarun 1970 zuwa farkon shekarun 1990, wanda aka ɗinka wa tallan kamfanin Mark Jewelers a tsakiya. Tallan zobba ne da sarƙoƙi da ƙaramin soja zai saya wa budurwarsa bashi, yana biya kaɗan-kaɗan daga albashi. Takardar da aka yi domin jan matashin soja cikin bashi ita ce yau take ninka farashin mujalla.

Lokacin da aka mayar da ƙaranci sana'a

A 1986 DC ya fitar da The Man of Steel lamba 1 ta John Byrne da bango iri biyu, kuma ita ake ɗauka a matsayin mafarin bango na daban da aka yi domin talla. Jaridu a lokacin suna ta ba da labarin tsofaffin komik da aka sayar da tsada, mutane suka fara saye domin ajiya, ba domin karatu ba. Kamfanoni suka biya musu buƙata. Spider-Man lamba 1 ta Todd McFarlane a 1990 ta fito da bango mai ruwan azurfa da mai ruwan zinariya, ta sayar da fiye da miliyan 2. A 1991 X-Men lamba 1 ta Chris Claremont da Jim Lee ta fito da bango biyar, huɗu daga ciki idan aka jera su suna haɗa hoto ɗaya, aka sayar wa shaguna fiye da kwafi miliyan 8, adadin da har yau ba a karya ba. A ƙarshen 1992 aka kashe Superman a lamba ta 75, aka rufe wani kaso cikin baƙar leda, mutane suka yi layi.

Lissafin da masu sayen ba su yi ba shi ne: Action Comics lamba 1 ta 1938, wadda kwafinta ɗaya ya kai dala miliyan 6 a gwanjon Heritage a Afrilun 2024, tana da tsada ne saboda kusan duk an zubar da ita, wasu ma an tattara su cikin tsohuwar takarda lokacin yaƙi. Abin da mutum miliyan suka adana a leda ba zai taɓa yin ƙaranci ba. Daga 1993 kasuwar ta fara rushewa, dubban shaguna suka rufe, kuma a Disambar 1996 Marvel, wanda attajiri Ronald Perelman ya saya a 1989 ya ɗora wa bashi mai nauyi, ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki. X-Men lamba 1 ta 1991 har yanzu ana samunta a kwandon araha.

Dabarar ba ta mutu ba, ta sauya salo ne. Yanzu ana ce wa mai shago sai ya yi odar kwafi 25 ko 100 na bangon yau da kullum kafin a ba shi ɗaya na musamman. Wani lokaci kuma siyasa ce ke sayar da bangon: a Janairun 2009, kwanaki kafin rantsar da Barack Obama, Amazing Spider-Man lamba 583 ta fito da bango na daban mai hotonsa, aka yi ta sake bugawa har ta kai bugu na biyar, ana sauya kalar bayan hoton. Bugu na farko ne kawai ke da wata daraja.

Dubawa da hannu, da iyakar akwatin roba

Inda santi biyar ke iya zama dubban daloli, dole a samu mai gyara lamba. Farashin da aka kankare aka sake rubutawa yakan bar takardar ta yi laushi ko ta dushe a wurin, kuma gilashin ƙara girma yana nuna tawadar da ta hau kan ɗigon bugun asali. Fitilar da ake duba jabun kuɗi da ita tana tona fentin da aka cike karce da shi, domin sabuwar kala tana haskawa dabam. Ana duba wayoyin da suka ɗinke mujallar: idan akwai ramuka fiye da wayoyin, ko tsatsar da ke kan takarda ba ta dace da inda wayar take ba, mai yiwuwa an ɗauko bangon wata an aura wa cikin wata. Ana auna faɗi da tsawo, saboda wasu suna datse gefen da ya tsufa domin ya yi kaifi. Ana kuma ƙirga shafuka. Incredible Hulk lamba 181 ta 1974, inda Wolverine ya fara fitowa sosai, tana da wani ɗan kan sarki na talla a ciki da yara suka riƙa yankewa, kuma rashinsa yana zubar da farashi ƙwarai.

Tun daga 2000 akasarin manyan cinikayya suna bi ne ta hannun kamfanin tantancewa na CGC, mai hedikwata a Sarasota ta jihar Florida. Yana duba mujalla, ya ba ta maki daga 0.5 zuwa 10, ya rufe ta cikin akwatin roba da takardar shaida. Shuɗiyar takarda tana nufin ba a taɓa ta ba, mai ruwan hoda-shuɗi tana nufin an yi gyara, koriya tana nufin akwai wani aibi na musamman kamar shafin da aka yanke, rawaya kuma sa hannun da aka yi a gaban wakilin kamfanin. Kamfanin yana wallafa ƙididdigar abin da ya tantance, amma a karanta ta da hankali: tana nuna adadin da aka kawo masa ne, ba adadin da ke duniya ba, kuma mutum yana iya fasa akwati ya sake kawo mujalla ɗaya domin neman ƙarin maki, a ƙirga ta sau biyu.

Akwatin ma ba kariya ce cikakkiya ba. A ƙarshen 2023 masu tarawa da ke kwatanta hotunan gwanjo suka gano ana buɗe akwatuna, a musanya mujallar ciki da wadda ba ta kai ta ba, a mayar wa kamfanin domin sabon akwati da tsohon maki. A farkon 2024 CGC ya amince da faruwar hakan, ya fitar da jerin ɗaruruwan mujallun da abin ya shafa. Masu sha'awa ne da ke zuba wa karce da lanƙwasar kusurwa ido suka fara tona asirin, kafin kamfanin da ake biya domin wannan aikin. Wanda zai biya da dala daga aljihun naira, ya nemi hoton gaba da baya, ya duba lambar shaida a shafin kamfanin, ya kuma nemi hoton wannan kwafin daga cinikin da ya gabata idan akwai.

Namu na gida

Najeriya ma tana da nata mujallun da suka fito da fuska fiye da ɗaya. Daga 1968 zuwa wajen 1972 kamfanin Drum ya wallafa labarin jami'in bincike Lance Spearman, wanda aka yi da hotunan kyamara da kalamai a cikin kumfa maimakon zane. A Afirka ta Yamma da ta Gabas sunan mujallar African Film, a Afirka ta Kudu kuma Spear. Labari ɗaya, suna biyu, kasuwa biyu.

A 1975 aka fara Powerman, jarumi baƙar fata da aka ƙirƙira domin kasuwar Najeriya bayan wani jami'in kamfanin talla na ƙasar ya lura cewa komik ɗin da ake shigowa da su duk jarumansu farare ne. Abin mamakin shi ne a Ingila aka zana shi, da hannun matasa biyu, Dave Gibbons da Brian Bolland, waɗanda daga baya suka shahara a duniya: Gibbons da Watchmen, Bolland da Judge Dredd da The Killing Joke. An umarce su da su sa wa kowane akwatin zane lamba, bisa zaton mai karatu a nan bai san ta inda zai bi ba. An sake buga labaran a Afirka ta Kudu, sannan a 1988 kamfanin Eclipse na Amurka ya fitar da wasu a ƙarƙashin sunan Power Comics. Bugun Amurka yana da sauƙin samu. Na asali, wanda aka sayar a titunan Najeriya tsakanin 1975 da 1977, ya sha gara da damina da masu ƙunshe ƙosai, kuma wanda ya ci karo da shi a tsohuwar adakar gida, ya fara da ɗaukar hoton bangon da ƙananan rubutun shaidar da ke ciki, ya raba shi da danshi da hasken rana, kada kuma ya manna masa salatif ko da ya yage.